Auren da Aka Ɗaura a 1801: Tambayoyinku kan Birtaniya da Ailan

Wasiƙun wannan karon sun taru a kan magana guda, wato yadda tsibirin Ailan ya zama ƙasa ɗaya da Birtaniya da yadda zaman ya watse. Mun haɗa waɗanda suka yi kama da juna, mun taƙaita masu tsawo.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗalibin tarihi ne. Wasu littattafai suna cewa Ingila ta mallaki Ailan shekara 800, wasu kuma suna cewa a 1801 aka haɗa su. Wanne ne daidai?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗalibi. Duka biyun suna da gaskiya, sai dai ba abu ɗaya suke ƙirgawa ba. Mallaka daban, haɗewa daban.

Mallakar ta fara ne a 1169, da mayaƙan Norman suka tsallako daga Wels, sannan Sarki Henri na Biyu ya biyo su da kansa a 1171. Daga nan sarakunan Ingila suna amsa sunan ubangijin Ailan, ko da yake zuwa ƙarni na 15 ikonsu na zahiri bai wuce Dablin da kewayenta sosai ba. Henri na Takwas ne ya mayar da laƙabin ya zama Sarkin Ailan a 1541. To amma duk tsawon wannan lokaci Ailan masarauta ce mai majalisarta a Dablin. Sarki ɗaya, majalisa biyu.

Majalisar ta Dablin a ɗaure take. Dokar Poynings ta 1494 ta hana ta zama ko zartar da doka sai majalisar sarki a Ingila ta fara sa hannu. A 1720 majalisar Landan ta ƙara da cewa tana da ikon yi wa Ailan doka kai tsaye. Sai a 1782, lokacin da Birtaniya ke jinyar kayen da ta sha a Amurka, 'yan majalisar Ailan ƙarƙashin Henry Grattan suka ƙwato 'yancin yin dokarsu. Wannan 'yancin shekara 18 kawai ya yi. A 1800 majalisun biyu suka zartar da dokar haɗewa, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1801, aka rufe majalisar Dablin, aka samu Haɗaɗɗiyar Masarautar Birtaniya da Ailan. Ginin majalisar ma sayar da shi aka yi wa Bankin Ailan a 1803, kuma har yau banki ne.

TAMBAYA: Malam, na ji an ce sayen 'yan majalisar Ailan aka yi har suka soke majalisarsu da hannunsu. Da gaske ne, ko ƙazafin 'yan kishin ƙasa ne?

AMSA: Ba ƙazafi ba ne, ɗan'uwa, amma labarin ya fi "an ba su kuɗi sun sa hannu" faɗi.

Mu fara da abin da ya tayar da maganar. A 1791 aka kafa ƙungiyar Haɗaɗɗun 'Yan Ailan a Belfas, wadda Wolfe Tone yake cikin jagororinta, da nufin haɗa Katolika da Furotesta su nemi gyaran majalisa, daga baya ta koma neman jamhuriya irin ta Faransa. A 1796 jiragen yaƙin Faransa suka iso gaɓar Bantry, guguwa ce kawai ta hana su sauke sojoji. A 1798 tawaye ya ɓarke, Faransawa kimanin 1,000 suka sauka a Killala, aka murƙushe tawayen bayan mutuwar dubban mutane a cikin 'yan watanni. Firayim Minista William Pitt ya ga cewa Ailan ƙofar baya ce da Faransa za ta iya shigowa ta cikinta, kuma 'yan tsirarun da ke mulki a Dablin ba za su iya tsare ta ba. Ya ɗora aikin haɗewa a kan mutum biyu: Cornwallis, wakilin sarki a Ailan (shi ne wanda ya miƙa wuya ga Amurkawa a Yorktown a 1781), da Castlereagh, babban sakatare, wanda a lokacin bai cika shekara 30 ba.

Karon farko sun sha ƙasa. A Janairun 1799 majalisar wakilan Ailan, mai kujera 300, ta ƙi maganar da ƙuri'a 111 da 106. Shekara guda bayan haka, a Fabrairun 1800, ta amince da 158 da 115. Abin tambaya shi ne me ya faru a tsakani.

Abu na farko, yawancin kujerun ba na jama'a ba ne. Mazaɓu ne na ƙananan garuruwa waɗanda attajiri guda ke riƙe da su kamar gonar gado, ya sa wanda ya ga dama, ya sayar in ya so. Haɗewa za ta share 84 daga cikin waɗannan mazaɓu, don haka gwamnati ta yanke diyyar fam 15,000 a kan kowace, jimilla fam 1,260,000. A idon mutanen wancan zamani wannan ba cin hanci ba ne, biyan dukiya ne, shi ya sa har masu adawa suka karɓa. Mai sarautar Downshire, wanda ya yaƙi haɗewar har aka tuɓe shi daga muƙamansa, ya karɓi fam 52,500 na kujera bakwai (kowace mazaɓa kujera biyu ce). Kuɗin kuwa a kan bashin Ailan aka ɗora shi, ka ga da kuɗin mutanen ƙasar aka sayi majalisarsu.

Na biyu, sarauta da muƙami. An yi alkawarin sababbin sarautu, an ɗaga darajar wasu, an raba fansho da kujerun alƙalanci da na coci, an kori ma'aikatan gwamnati da suka ƙi. An kuma lallashi wasu masu adawa su ajiye kujerunsu a cike gurbin da 'yan goyon baya. Na uku shi ne kuɗin asiri, fiye da fam 30,000, wanda aka fitar ba bisa ƙa'ida ba, kuma sai a shekarun 1990 takardunsa suka fito fili. Cornwallis kansa ya rubuta wa abokinsa cewa yana jin ƙyamar kansa saboda ƙazantar aikin da yake yi.

Ga wani abin da ke ba mutane mamaki. Da yawa daga rassan ƙungiyar Orange, 'yan Furotesta masu tsauri, adawa suka yi da haɗewar, don suna ganin za ta raba su da ikon da suke da shi a Dablin. Manyan limaman Katolika kuwa, har da Akbishop Troy na Dablin, goyon baya suka ba ta. Bayan shekara 80 kowane ɓangare ya koma inda ɗayan yake.

TAMBAYA: Ni malamar makaranta ce. Ina so a fayyace mini abin da dokar ta ƙunsa, don in koyar da shi daidai.

AMSA: Malama, sashe takwas ne. Uku na farko gajeru ne: masarauta ɗaya, tsarin gadon sarauta ɗaya, majalisa ɗaya a Westminster, wato majalisar Landan. Na takwas ya bar dokoki da kotunan Ailan yadda suke. Nauyin yana kan huɗun tsakiya.

Sashe na huɗu wakilci ne. Ailan ta samu kujera 100 a majalisar wakilai mai 658. Rabon kuwa: gundumomi 32 kowace biyu, 64 ke nan, Dablin da Cork biyu-biyu, wasu garuruwa 31 ɗaya-ɗaya, Kwalejin Trinity ɗaya. A majalisar dattawa ta masu sarauta an ba ta mutum 28 waɗanda 'yan'uwansu masu sarauta ke zaɓa su zauna har mutuwa, da bishop-bishop huɗu masu karɓa-karɓa. Ki sa ɗalibanki su yi wannan lissafin: Ailan tana da mutum kusan miliyan 5, Birtaniya miliyan 10 da rabi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'a, amma ƙasa da kashi ɗaya cikin shida na kujeru.

Na biyar ya haɗe Cocin Ingila da Cocin Ailan, duka na Angilika, ya ce wannan haɗin ginshiƙi ne na har abada. Cocin da ake magana a kai mabiyanta ba su wuce mutum ɗaya cikin takwas na ƙasar ba, amma kowane manomi, Katolika ne ko Firesbiteriya, sai ya biya mata ushiri. Wannan ya jawo rikicin ushiri na shekarun 1830, kuma "har abada" ɗin ya ƙare da dokar Firayim Minista Gladstone ta 1869 wadda ta raba cocin da gwamnati.

Na shida ciniki ne: kasuwa ɗaya, amma an bar kuɗin fito na kashi 10 a kan wasu kayayyaki na ɗan lokaci don kare masana'antun Ailan. A 1824 aka cire shi. Kuɗin ƙasa ma sai 1826 aka haɗe. Kafin nan fam 13 na Ailan ne ke daidai da fam 12 na Birtaniya.

Na bakwai shi ne inda lissafi ya ɓaci. An bar kowace ƙasa da baitulmalinta da bashinta, aka ce a kuɗin tafiyar da masarauta Ailan ta biya kashi 2 cikin 17, Birtaniya 15. Da zaman lafiya ake yi, da wataƙila ta iya. Amma yaƙi da Napoleon ya ci gaba har 1815, kashe kuɗi ya yi tashin gwauron zabo, harajin Ailan bai isa ba, sai rance. Bashinta ya ninka kusan sau huɗu cikin shekara 16, dole aka haɗe baitulmalin biyu a 1817. A 1896 wani kwamitin bincike da gwamnatin Birtaniya ta kafa da kanta ya gano Ailan tana biyan kusan kashi 1 cikin 11 na harajin masarauta, alhali ƙarfinta bai wuce 1 cikin 20 ba.

TAMBAYA: Skotlan ma ta haɗe da Ingila a 1707, kuma har yanzu suna tare. Me ya sa na Ailan bai ɗore ba?

AMSA: Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace, kuma amsarmu ita ce: a Skotlan an haɗa ƙasa da mutanenta, a Ailan majalisa kawai aka haɗa, aka bar yawancin mutane a bakin ƙofa.

Dubi bambancin. Yarjejeniyar 1707 ta kare cocin da yawancin mutanen Skotlan ke bi. Ta 1800 ta kare cocin 'yan tsiraru. Kashi uku cikin huɗu na mutanen Ailan Katolika ne, kuma tun ƙarshen ƙarni na 17 dokoki suka hana su zama a majalisa da riƙe manyan muƙamai, suka takura musu wajen mallakar ƙasa. A 1641 sun mallaki fiye da rabin ƙasar noma; zuwa 1703 ya koma kashi 14 cikin ɗari. A 1793 an mayar musu da ikon jefa ƙuri'a, amma ba na zama a majalisa ba.

Pitt ya san da haka. Dabararsa ita ce, a majalisar Dablin Katolika za su yi rinjaye in aka buɗe musu ƙofa, shi ya sa Furotesta ba za su taɓa yarda ba. Amma a Westminster za su zama 'yan tsiraru, babu wanda zai ji tsoronsu. Saboda haka aka nuna wa shugabannin Katolika, ba a rubuce ba, cewa da an gama haɗewa za a cire musu takunkumi. Kuskuren Pitt shi ne bai fara shawo kan sarki ba. Joji na Uku ya ce rantsuwar da ya yi ranar naɗinsa ta kare cocin Furotesta ta hana shi sa hannu, kuma bai gusa daga nan ba. Pitt ya ajiye aiki a farkon 1801, wata ɗaya da 'yan kwanaki bayan ɗaurin auren. Alkawarin ya zama romon baka.

Shekara 28 aka yi ana jira, kuma da abin ya zo ba kyauta aka bayar ba, ƙwata aka yi. Lauya Daniel O'Connell ya kafa Ƙungiyar Katolika a 1823, ya sa kuɗin shiga kwabo ɗaya a wata, ana tarawa a ƙofar coci ranar Lahadi, talaka ma ya iya biya. A 1828 ya tsaya zaɓen cike gurbi a gundumar Clare, domin doka ba ta hana Katolika tsayawa ba, rantsuwar kama aiki ce ba zai iya yi ba. Ya ci da ƙuri'a 2,057 da 982. Firayim Minista Wellington da ministansa Peel suka ga in aka hana shi kujera ƙasar za ta kama da wuta, suka zartar da dokar 1829. Amma da hannun hagu suka karɓe wani abu: sharaɗin jefa ƙuri'a a gundumomi ya tashi daga mallakar fili mai kawo sule 40 a shekara zuwa fam 10. Masu ƙuri'a suka faɗo daga kimanin 216,000 zuwa 37,000. Darasin da mutanen Ailan suka ɗauka shi ne Landan ba ta jin roƙo, sai barazana, kuma da wannan darasin suka yi siyasa har ƙarshen ƙarnin.

Sai abu na biyu, wanda ba a cika faɗa ba. In da gaske ƙasa ɗaya ce, me ya sa aka bar wakilin sarki da babban sakatare da ma'aikatunsu a Fadar Dablin? Skotlan ba ta da irin wannan. 'Yan sandan Ingila ba sa ɗaukar bindiga. Na Ailan, waɗanda aka tsara a 1836, suna ɗauka, a bariki suke kwana, kuma ba a tura mutum aiki gundumarsa ta haihuwa. Dokokin ta-ɓaci masu ba da damar tsare mutum ba shari'a sun zama ruwan dare a Ailan. A takarda 'yar gida ce, a aikace kuwa 'yar bora.

Adalci ya sa mu faɗi ɗaya gefen. Ailan ta samu tsarin makarantun firamare na gwamnati a 1831, kusan shekara 40 kafin Ingila. 'Yan Ailan sun cika sojan Birtaniya, har sun kai kusan kashi 40 cikin ɗari a wajen 1830, sun kuma riƙe muƙamai a duk faɗin daular. Dokar ƙasa ta Wyndham ta 1903 ta ba manoma 'yan haya rancen gwamnati su sayi gonakinsu, su biya cikin shekara 68 da rabi, aka ƙara wa masu filaye kashi 12 a kan farashi don su yarda su sayar. Gyara ne na gaske. Sai dai kusan kowane ɗaya ya zo ne bayan an kai ruwa rana.

TAMBAYA: Babbar yunwar 1845, laifin haɗewar ne ko ƙaddara ce kawai?

AMSA: Cutar dankali ba gwamnati ce ta kawo ta ba. Yawan waɗanda suka mutu kuwa, da hannun gwamnati a ciki.

Kimanin mutum miliyan 3 ba su da wani abinci sai dankalin Turawa. Dalili kuwa tsarin ƙasa: ɗan ƙodago yana da ɗan fili, eka ɗaya ko ƙasa da haka, babu abin da zai ciyar da iyali a wannan ɗan wuri sai dankali, hatsi da alade kuwa na biyan haya ne. Namiji mai aikin ƙarfi yakan ci kusan kilo 6 a rana. Galibi iri ɗaya ake shukawa, don haka da cutar ta shigo a kakar 1845 babu abin da ya tare ta. Manomi zai haƙo dankali lafiya ƙalau, ya adana a rami, bayan kwanaki ya buɗe ya tarar da baƙin ruwa mai wari. A 1846 kusan duk amfanin ya lalace. A 1847 cutar ta lafa amma babu iri, an cinye. A 1848 ta dawo.

Peel, wanda a lokacin shi ne Firayim Minista, ya sayo masarar Amurka ta fam 100,000 a asirce. Masarar tana da tauri, injinan niƙa na ƙasar ba su saba da ita ba, mutane ba su san dafa ta ba, ta riƙa ɓata musu ciki, amma ta rage asara a shekarar farko. Gwamnatin Russell da ta hau a 1846, da Charles Trevelyan a baitulmali, ta ce kada a taɓa kasuwa. Aka buɗe aikin gina hanyoyi, wanda ya ɗauki fiye da mutum 700,000 a Maris 1847, ana biyan lada gwargwadon aiki. Mai yunwa ba shi da ƙarfin aiki, ladansa ya ragu, farashin abinci kuma yana hawa. Da aka ga ba ta ɓulle ba aka koma dafa abinci ana rabawa, kuma a Yulin 1847 ana ciyar da mutum miliyan 3 kowace rana. Wannan ya nuna gwamnati tana iyawa in ta so. Bayan 'yan watanni aka rufe.

Daga nan aka ce dukiyar Ailan ta ɗauki talaucin Ailan, wato a ciyar da mabuƙata daga harajin yankinsu. Nan ne tambayarka take. Yankin da ya fi yunwa shi ne ya fi kasa biyan haraji. Mai fili shi ke biyan harajin duk gonar da darajarta ba ta wuce fam 4 ba, don haka hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya kori ƙananan 'yan haya ya rushe bukkokinsu. Wani sashe na dokar 1847 kuma ya hana agaji ga duk mai riƙe da fiye da rubu'in eka, sai ya saki gonar. A 1849 da aka buƙaci ƙarin kuɗi don yankunan yamma, a kan sauran yankunan Ailan kaɗai aka ɗora, ba a kan masarautar duka ba, har babban kwamishinan agaji Edward Twisleton ya ajiye aiki. Abin da baitulmalin Landan ya kashe bai kai fam miliyan 10 ba, wani kaso ma rance ne. Shekaru kaɗan kafin nan an biya masu bayi diyyar fam miliyan 20.

Ƙidayar 1841 ta samu mutum miliyan 8.2, ta 1851 ta samu miliyan 6.6. Kimanin miliyan ɗaya sun mutu, yawancinsu da zazzaɓi da atuni ba da yunwar kanta ba, fiye da miliyan ɗaya sun yi ƙaura. Zuwa 1911 saura miliyan 4.4. Taimako ya zo daga nesa, har Sarkin Daular Usmaniyya Abdulmajid ya aiko da fam 1,000.

TAMBAYA: Me ya sa arewacin tsibirin ya zauna da Birtaniya da sauran suka fita?

AMSA: Tushen yana 1609, da aka fara zaunar da Furotesta daga Skotlan da Ingila a lardin Ulster a kan filayen da aka ƙwace. Sannan haɗewar ta yi wa wannan yanki rana. Belfas ta tashi daga mutum kimanin 20,000 a 1800 zuwa kusan 350,000 a 1901, da saƙar lilin da ƙera jiragen ruwa. A can kamfanin Harland and Wolff ya ƙera Titanic. Kasuwarsu daular Birtaniya ce, kuma suna tsoron majalisar Dablin mai rinjayen Katolika manoma.

Abin da 'yan kishin ƙasa suka daɗe suna nema ba ɓallewa ba ne, majalisa ce ta harkokin cikin gida a ƙarƙashin sarki. Jagoransu Parnell ya samu kujera 86 a zaɓen 1885, ya zama shi ke ɗora gwamnati ya sauke. Ƙudurin Gladstone na 1886 ya faɗi a majalisar wakilai da ratar ƙuri'a 30. Na 1893 ya wuce wakilai, dattawa suka kashe shi da 419 da 41. Dokar 1911 ta rage ikon dattawa zuwa jinkirin shekara biyu, don haka ƙuduri na uku, na 1912, ba mai tare shi. Sai Ulster ta tashi: a Satumban 1912 mutum kusan 470,000, maza da mata, suka sa hannu a kan alkawarin ƙin yarda, aka kafa rundunar sa-kai a 1913, aka shigo da bindigogi ta Larne a 1914. Kudu ma ta kafa tata. Ƙudurin ya zama doka a Satumban 1914, aka jingine shi saboda Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Sauran ya zo da sauri. Tawayen Ista na 1916 bai samu goyon bayan jama'a ba da farko, kisan shugabanninsa 16 ne ya juya zukata. Jam'iyyar Sinn Féin, mai neman ɓallewa, ta ci kujera 73 cikin 105 a 1918, ta ƙi zuwa Landan, ta buɗe majalisarta a Dablin ranar 21 ga Janairu 1919. Yaƙi ya biyo baya har aka tsagaita wuta a Yulin 1921. Yarjejeniyar 6 ga Disamba 1921 ta ba gundumomi 26 matsayi irin na Kanada, majalisar Dablin ta amince da 64 da 57, kuma saɓani a kan rantsuwar biyayya ga sarki ya jefa su yaƙin basasa. A 1949 ƙasar ta zama jamhuriya.

Ka lura da yadda aka ja layin a dokar 1920, wadda ta raba tsibirin ta kafa Ailan ta Arewa. Ulster gunduma tara ce, amma shida aka ɗauka. An bar Donegal da Cavan da Monaghan don Katolika sun yi yawa a cikinsu, an riƙe Fermanagh da Tyrone duk da su ma Katolika ne suka fi yawa, don yankin ya yi girman da zai tsaya da ƙafarsa. Sakamakon shi ne Furotesta kashi biyu cikin uku, da Katolika kashi ɗaya da ba su yarda da iyakar ba. Rikicin da ya ɓarke a ƙarshen shekarun 1960 ya ci rai fiye da 3,500.

TAMBAYA: Jan gicciyen da ke kwance a tutar Birtaniya na waye?

AMSA: Na Ailan ne, alamar Waliyyi Patrick. A 1801 aka ƙara shi a kan miƙaƙƙen jan gicciyen Ingila da farin na Skotlan. Ba a tsakiyar farin yake ba, an ɗan gusar da shi, shi ya sa tutar take da sama da ƙasa: a gefen sanda, faffaɗan farin layi ne ke sama. Ba a cire shi ba bayan ficewar kudancin Ailan a 1922. Sunan ƙasar ne aka gyara a 1927.

TAMBAYA: Yanzu dokar 1800 ta mutu ke nan? Kuma mene ne matsayin mutanen ƙasashen biyu a yau?

AMSA: Ba ta mutu ba, Malam. A Ailan ta Arewa sassanta suna aiki har gobe, kuma yankin yana tura wakilai 18 Westminster, ko da yake na Sinn Féin ba sa zama a kujerunsu. A 2023 ma sai da Kotun Ƙolin Birtaniya ta duba sashe na shida, da masu son haɗewa suka kai ƙara cewa binciken kaya tsakanin Birtaniya da Ailan ta Arewa bayan ficewa daga Tarayyar Turai ya saɓa wa kasuwa ɗaya da aka yi alkawari a 1800. Kotu ta ce majalisa tana da ikon gyara wannan sashe da sabuwar doka, kuma ta yi.

Abin da ya canza shi ne tushen zaman. Yarjejeniyar 10 ga Afrilu 1998, wadda kashi 71 a arewa da kashi 94 a kudu suka amince da ita, ta ce yankin zai zauna da Birtaniya muddin mafi yawan mutanensa suna so. In ministan Birtaniya mai kula da yankin ya ga alamar rinjaye zai zaɓi haɗewa da kudu, wajibi ne ya kira ƙuri'ar raba gardama, kuma ba a sake wata sai bayan shekara bakwai. Kudu ma sai ta amince a nata ɓangaren. Mutumin yankin yana da zaɓin zama ɗan Birtaniya ko ɗan Ailan ko duka biyu. Ƙidayar 2021 ta nuna waɗanda suka tashi a gidan Katolika kashi 45.7 ne, na Furotesta 43.5, amma kada a ɗauki wannan a matsayin ƙuri'a, don ba kowane Katolika ne ke son ficewa ba.

Tsakanin ƙasashen biyu kuwa, dokar Birtaniya ta 1949 ta ce Ailan ba ƙasar waje ba ce. Ɗan Ailan yana zama ya yi aiki ya yi zaɓe a Birtaniya ba tare da neman izini ba. Ɗan Birtaniya mazaunin Ailan yana zaɓen 'yan majalisa, amma ba ya zaɓen shugaban ƙasa ko ƙuri'ar raba gardama. Iyakar ƙasa mai tsawon kusan kilomita 500 ba ta da shinge. Alamar ka tsallaka ita ce allon hanya ya koma kilomita daga mil, kuɗi ya koma yuro daga fam. Wannan sauƙin na 'yan ƙasashen biyu ne. Baƙo mai bizar Birtaniya, in ba ƙasarsa tana cikin waɗanda aka yi wa rangwame ba, sai ya nemi bizar Ailan daban kafin ya hau motar Belfas zuwa Dablin, ko da ba wanda zai tsayar da shi a kan iyaka.